Yadda ake sauke nauyin zuciya da allura, zare da ruwan rini

Shekarar da mahaifina ya yi doguwar jinya, barci ya ƙaurace wa idona. Da rana da sauƙi, domin akwai zirga-zirga: sayo magani, jiran likita, amsa wayar masu tambayar jiki. Dare ne ba ya wucewa. Ƙarfe biyu za ta buga ina kwance ido biyu, waya a hannu, ina bin bayanin cutar shafi bayan shafi, kowanne na buɗe sai gabana ya ƙara faɗuwa. Wani dare cajin wayar ya ƙare. Na tashi ina kai-kawo a ɗaki, har na yi tuntuɓe da jakar tsofaffin tufafin da na shekara ina cewa zan rabar. Na zaro wata riga da ta koɗe, na yayyanka ta, na shiga haɗa ƙyallayen da allura ba tare da na san abin da nake ɗinkawa ba. Ɗinkin ya fito kamar sawun maciji a rairayi. Amma da na ɗaga kai na dubi agogo, awa ɗaya da rabi ta shige, kuma a cikinta takardar gwaji ba ta faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Daga baya na gane cewa damuwa ta fi cin mutum a kan abin da ba shi da iko da shi. Ba ni zan sauke zazzaɓi ba, ba ni zan sauya sakamakon gwaji ba. Ƙyalle kuwa, inda na soka allura nan take fita. Hannu yana maimaita abu ɗaya, ido yana bin sa, kai yana ƙirge, sai tunani ya rasa filin da zai yi ta kewayawa. Likitoci sun daɗe da lura da haka. William Rush Dunton, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu yi wa marasa lafiya magani da aikin hannu a 1917, kuma ɗinkin bargon ƙyallaye na cikin abin da yake sa majinyatansa su yi. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni ko firgita, da yawansu an koya musu saƙa suna kan gadon asibiti.

Zan yi bayanin ayyuka uku kamar yadda na koye su: haɗa bargon ƙyallaye, saƙa a kan kwali, da rini. Ina cewa "ki" ne don bakina ya saba, amma allura ba ta san mace ko namiji ba.

Kafin a taɓa almakashi

Kuskuren farko shi ne ɗaukar babban aiki. Wadda zuciyarta ke da nauyi ta ce za ta ɗinka bargon gado cikin mako guda, ta ƙara wa kanta bashi ne kawai. Ki zaɓi abin da za a gama a zama ɗaya, ko da girmansa bai wuce tafin hannu ba.

Ki tara kayan aikin a kwando ɗaya ko akwati ɗaya, kusa da inda kike zama. A daren da hankali ya tashi, in sai kin nemo almakashi a wani ɗaki, zare a wani, wayar da ke hannunki za ta yi nasara. Kafin ki ajiye aiki kullum, ki zura zare a allura ki bar ta soke a inda za ki ci gaba. Wannan 'yar dabara ta cece ni sau ba adadi.

Ki ware lokaci, minti 20 zuwa 30 sun isa a farko. Wayar ta zauna can nesa. Haske ya zo daga gefen hannun da ba ki aiki da shi, don kada inuwar hannunki ta rufe ɗinkin. Bayanki ya samu majingina, ki ɗago aikin zuwa gare ki da matashi a kan cinya maimakon ki duƙa masa. Duk rabin awa ki miƙe, ki warware yatsu da wuya. Ba a son a gudu daga ciwon zuciya a faɗa ciwon baya.

Bargon ƙyallaye

Bargon ƙyallaye hawa uku ne: fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, ciki, wato shimfiɗar auduga ko tsohon bargo marar nauyi, sai shafi a baya. Ɗinki ne ke ratsa su ukun ya haɗa su. Keken ɗinki yana yi, amma don abin da muke nema, hannu ya fi. Keke yana gaggawa, yana ƙara, kuma ba ya shiga jaka.

Ki fara da zaɓen ƙyalle. Yadin auduga marar kauri, irin na riga ko zanen gado, shi ya fi biyayya. Ki guji mai talewa kamar roba da mai santsi, za su ba ki haushi tun ba ki je ko'ina ba. Ki wanke duka kafin yanka, sabo da tsoho, domin sabon yadi yana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba. Jan yadin da bai gama zuba ba zai iya ɓata aikin wata uku a wanki ɗaya. Bayan sun bushe ki goge su sumul, ki ware masu haske gefe ɗaya, masu duhu gefe ɗaya. Kada ki tsaya dogon nazarin wane launi ya dace da wane. In akwai haske da duhu a jere, idon mai kallo zai yi sauran aikin.

Yanzu ma'auni. Ki yanka kwali mai kauri guda biyu masu kusurwa huɗu daidai: babba santimita 12 kowane gefe, ƙarami santimita 10. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, don haka a nan ki yi amfani da rula. Ki ɗora babban a bayan yadin, gefensa ya bi tsawon zaren saƙar yadin, ki zagaye da fensir, ki yanka. In kika yanka a karkace, ƙyallen zai riƙa miƙewa a hannunki. Sai ki ɗora ƙaramin kwalin a tsakiyar abin da kika yanka, ki sake zagayewa. Wannan layi na biyu shi ne hanyar allura, santimita 1 da ya rage a kowane gefe kuma shi ne bakin ɗinki.

Yankan kansa aiki ne mai kyau ga ranar da kai ba ya ɗaukar komai. Na sha zama in yanka gida talatin, wato waɗannan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, ban ɗinka ko ɗaya ba, in kwanta ina jin na yi wani abu.

Ki ɗauki gida biyu, mai haske da mai duhu, ki haɗa su fuska da fuska. Ki soka fil a kusurwar layin fensir ya fita daidai a kusurwar na ƙasan, haka ma a ɗaya kusurwar. Zaren kada ya wuce tsawon hannunki daga yatsa zuwa gwiwar hannu, kamar santimita 45. Dogon zare ba ya rage aiki, sai dai ya cukurkuɗe ya ƙulle. Ki ƙulla bakinsa, ki fara daga kusurwar layin, allura ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, kowane taku kamar milimita 3. Da hannu ya saba, za ki iya ɗora taku uku ko huɗu a kan allurar kafin ki ja zare. Bayan kowane ja, ki koma baya taku ɗaya, don ko zare ya tsinke wata rana ɗinkin ba zai warware gaba ɗaya ba. Ki tsaya a ƙarshen layin fensir, ki ƙulle.

A nan ne natsuwar take. Ni nakan ja numfashi lokacin da nake ɗora taku a allura, in sake shi a hankali lokacin jan zare. Ban shirya haka ba, jiki ne ya kama da kansa. Kuma ɗinkin ba ya ƙarya: ranar da raina yake a ɓace, zaren yakan tamke har ƙyallen ya tattare. In kin ga haka, ki sa babban yatsa ki shafe layin ya kwanta, ki sassauta kafaɗa, ki ci gaba.

Gida uku a jere sun zama layi. Layi uku sun zama dami mai gida tara: na sama duhu, haske, duhu, na tsakiya haske, duhu, haske, na ƙasa kamar na sama. Idan an gama, faɗinsa santimita 30 ne. Wajen guga, ki kwantar da bakin ɗinkin zuwa ɓangaren ƙyalle mai duhu don kada ya hango ta cikin mai haske. Ki danna dutsen guga ki ɗaga, kada ki ja shi, jan yana karkatar da gidajen.

Dami ɗaya shi ne aikin zama ɗaya ko biyu, kuma ko a nan kika tsaya kin samu fuskar matashi. In kika tara 12, kika jera uku a faɗi huɗu a tsawo, kin samu fuskar bargo mai santimita 90 da 120, gida 108 ke nan, wanda zai rufe yaro ko ƙafafun babba. Kada ki riƙa ƙirga 108 ɗin. Tara kawai za ki sani.

Kusurwoyi za su ƙi haɗuwa a wasu wurare, wannan babu makawa. Dokata ita ce: in kuskuren zai sa bargon ya yage, a warware, in ido kawai zai gani, a bar shi. Matan Gee's Bend, wani ɗan ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, sun yi fiye da shekara ɗari suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona don maganin sanyi, layukansu a karkace, gidajen wani ya fi wani. A 2002 aka rataye waɗannan barguna a babban gidan adana zane-zane na Houston, daga nan aka kai su New York, masana suna tsayawa a gabansu baki buɗe.

Haɗa hawa ukun yana son fili. Ki shimfiɗa shafin a ƙasa, fuskarsa na kallon ƙasa, ki ja shi ya miƙe ba tare da ya tale ba. Ki ɗora cikin, sannan fuskar tana kallon sama. Shafi da ciki su zarce fuskar da kamar santimita 5 a kowane gefe, domin ɗinki yana cinye su. Ki kama su da fil mai makulli, tazarar tafin hannu tsakanin kowanne, ko da ɗinkin wucin gadi manya-manya da za ki zare daga baya. Ki fara daga tsakiya ki yi waje. Haka ma ɗinkin ratsawar: daga tsakiya zuwa baki, in ba haka ba yadin zai taru a tsakiya ya yi tudu. Hanya mafi sauƙi ita ce ki bi kusurwa zuwa kusurwa ta cikin kowane gida, ko ki bi gefen kowane ɗinki da tazarar rabin santimita. Hannu ɗaya a sama yana tura allura, ɗaya a ƙasa yana jin tsininta don a tabbata ta ratsa. Ki sa ɗan murfin ƙarfen nan na yatsa. Kwana uku zai dame ki, bayan nan ba za ki iya aiki babu shi ba. Ƙullin zare kuma, ki fizge shi a hankali ya shige cikin audugar ya ɓuya.

In ƙarfinki ya ƙare kafin wannan mataki, akwai gajeriyar hanya mai mutunci: ki sa zare mai kauri a basilla, ki ratsa hawa ukun a kowace mahaɗar gidaje, ki dawo da shi sama, ki ƙulle sau biyu, ki yanke ki bar ɗan gashi. Yamma ɗaya ta isa.

Ƙarshe sai baki. Ki datse rarar shafi da ciki su yi daidai da fuska. Ki yanka dogayen ƙyallaye masu faɗin santimita 6, ki haɗa su har tsawon ya kai kamar mita 4 da rabi, ki ninka biyu a tsawo ki goge. Ki ɗinka buɗaɗɗen gefen a bakin bargon ta fuska, sannan ki kalmashe ninkakken gefen zuwa baya ki kama da ƙananan taku.

Wani abin da gida-gida ke da shi shi ne ana iya raba shi. A 1942, matan da sojojin Japan suka tsare a kurkukun Changi na Singafo sun riƙa karɓar ɗan ƙyalle mai kamar santimita 15, kowacce ta yi masa ado da zare ta sa sunanta, aka haɗa gida 66 a kowane bargo, aka aika asibitin sansanin maza. Da haka wasu mazan suka san matansu na raye. In kina da ƙawa ko 'yar'uwa da ke cikin irin halinki, ki miƙa mata kwalin ma'auni ku raba damin. Hira ta fi fitowa idan idanu suna kan ƙyalle, ba sa kallon juna.

Saƙa a kan kwali

Akwai ranar da hannu ke rawa, zura zare a kafar allura ma ya gagara. Ranar saƙa ke nan.

Ki samu kwali mai tauri, santimita 20 da 25. A gajerun gefuna biyu, sama da ƙasa, ki tsattsaga baki da almakashi, zurfin santimita 1, tazarar santimita 1, tsagar sama daidai da ta ƙasa. Adadin ya zama mai rabuwa biyu, kamar 16 ko 18. Ki maƙale bakin zaren auduga mai ƙarfi a tsagar farko, ki sauko da shi ƙasa, ki zagaya ta bayan kwalin ki hau tsaga ta biyu, haka har ƙarshe. Wannan shi ne zaren tsaye. Ya miƙe, amma kada ya lanƙwasa kwalin.

Zaren kwance kuwa komai yana yi: ulu, zare mai kauri, ko tsohon yadi da aka tsaga siri-siri. Ki zura shi a basilla mai dakusasshen baki, ki bi: sama da ɗaya, ƙasa da ɗaya, har gefe. In za ki dawo, wanda kika bi ta samansa yanzu ki bi ta ƙasansa. Tushen saƙa ke nan, daga ta kwali har ta injin masaƙa. Ki danna kowane layi ƙasa da mataji ko cokali mai yatsu.

Ciwon sabon masaƙi ɗaya ne: saƙar ta fara da faɗi, ta tsuke a tsakiya kamar ƙugun zanzaro. Dalilin shi ne jan zaren kwance a miƙe. Zaren yana buƙatar rara domin hawa da sauka yake yi tsakanin na tsaye. Don haka ki shigar da shi ya yi baka kamar tudu, ki riƙe na gefe da yatsa biyu, sannan ki danna daga tsakiya zuwa gefuna. In zare ya ƙare, ki ɗora sabon a kan tsohon na tsawon zaren tsaye huɗu, ba sai an ƙulla ba. Da kin kai inda kike so, ki juya kwalin, ki yanke zaren tsaye a tsakiyar baya, ki ƙulla su bibbiyu a jikin saƙar. Kin samu abin ɗora kofi ko tukunya mai zafi. Dannawar da mataji tana da daɗi na musamman a ranar fushi, ban san yadda zan faɗa ba sai kin gwada.

Rini

Ɗinki da saƙa suna ba ki iko. Rini yana karɓe rabinsa. Kin auna, kin jiƙa, kin tsoma, amma abin da zai fito sai an kwance. Na daɗe ina jin haushin wannan, kafin ya zama abin da na fi so a cikinsa.

Tsaro tukuna. Tukunya, cokali da bokitin rini ba sa komawa wajen girki har abada. Ki sa safar hannu ta roba, ki yi aiki inda iska ke shiga, ki rufe hanci in kina auna gari, yara su yi nisa. Tukunyar ƙarfe marar tsatsa ta fi, domin ba ta sauya launi.

Rinin tsiro yana kama auduga, ulu da siliki ne, ba ya kama yadin roba. In kina shakka, ki zare ɗan zare ki riƙe shi da awartaki ki kusanta shi da wuta: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Mu ɗauka kina da farin yadin auduga gram 100, a auna shi a bushe, domin duk sauran awo a kansa yake. Ki dafa shi awa ɗaya da ƙaramin cokali biyu na sodar wanki da ɗan sabulu. Za ki yi mamakin ruwan da zai fito, rawaya-rawaya, ko da yadin sabo ne fil. Maiƙo da kakin da ke jikin audugar ne, kuma su ke sa rini ya yi dabbare-dabbare. Ki ɗauraye. Sai ki jiƙa shi cikin ruwan baƙin shayi mai kauri, kamar ƙunshi goma, ko ruwan ɓawon rumman ko na bagaruwa, ya kwana. Ɗacin nan mai kama baki shi ke buɗe wa alif hanyar zama a jikin auduga. Washegari ki narkar da alif gram 15 a ruwan zafi, ki ƙara rabin ƙaramin cokali na sodar wanki, zai yi kumfa ya lafa, ki ƙara ruwan ɗumi, ki tsoma yadin na awa biyu ko fiye. Alif shi ne ɗan tsakani, yana riƙe yadi da hannu ɗaya, launi da ɗaya. Ulu da siliki ba sa buƙatar shayin, kuma ba a dafa su da soda, alif kaɗai ya ishe su.

Launin farko da nake ba kowa shawara shi ne na busasshen ɓawon albasa. Ki tara gram 50 zuwa 100. Ba shi da nauyi, don haka tarin zai ɗauki makonni, kuma wannan ma wani abin sa rai ne. Ki dafa shi awa ɗaya a ruwan da zai rufe yadin sosai, ki tace. Ki sa yadin a jiƙe, wuta kaɗan-kaɗan, ruwan yana tururi ba ya tafasa, minti 45 zuwa awa ɗaya, kina juyawa a hankali. Ki kashe wuta ki bar shi ya huce a ciki har safe. Zai ba ki ruwan zinariya zuwa ruwan goro. Ki sani launin jiƙaƙƙen yadi ya fi na busasshe duhu, kada ranki ya ɓaci in ya yi haske. Ki shanya a inuwa.

In kina son wani launi daga wannan tukunyar, ki zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a kwalba da ruwan khal kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, su yi mako ɗaya ko biyu. Cokali ɗaya na wannan ruwa a bokiti, ki tsoma rinannen yadin minti biyu ko uku, a gaban idonki rawayar za ta koma kore mai duhu. Kada ki zarce, ƙarfe yana cin zare. Kurkum da jan kabeji suna da kyau ranar farko, amma rana da wanki suna kwashe su. A yi su don wasa, kada a sa su a bargon da ake so ya daɗe.

Zane kuma da ɗauri ake yinsa kafin a tsoma. Duk inda aka tamke, rini ba ya shiga. Ki ƙunshe ƙananan duwatsu ki ɗaure wuyansu da zare, za su ba ki zobba. Ki ninka yadin gaba da baya kamar mafici ki ɗaɗɗaure, zai ba ki ratsi. Ki yi ɗinki manya-manya a layi ki ja zaren ya tattare sosai, zai ba ki zane kamar ƙayar kifi. Japanawa suna kiran irin wannan aiki shibori, a Indiya ana cewa bandhani, Yarbawa kuma adire.

Sai shuni, sarkin rini. An samu ƙyallen auduga da aka rina da shi a Huaca Prieta ta ƙasar Peru wanda ya kai shekara 6,000. Har zuwa 1897, lokacin da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na sinadari, daga ganyen baba da danginsa duniya ke samun sa. Shuni ba ya son alif, kuma ba ya narkewa a ruwa. Sai an raba shi da iska a cikin ruwa mai kaifi irin na toka ko kanwa kafin ya narke ya shiga zare, in ya fito ya sha iska ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki.

Hanya mafi sauƙi a gida ita ce wadda marinin Faransa Michel Garcia ya yaɗa, ta ɗaya, biyu, uku: garin shuni gram 25, farar ƙasar da aka kashe da ruwa gram 50, wadda masana ke kira kalshiyam haidiroksaid, da sukarin 'ya'yan itace mai suna furuktos gram 75, a ruwan zafi lita 5. Farar ƙasar tana ƙona fata da ido, a kula. Ki zuba shunin a kwalba da ɗan ruwan ɗumi da 'yan tsakuwa masu santsi, ki girgiza minti biyu ya jiƙu. Ki juye a ruwan zafin, ki sa sukarin ya narke, sannan farar ƙasar a hankali. Ki juya ta gefe ɗaya ba tare da kin kaɗa iska ciki ba, ki rufe, ki bar shi awanni ko ya kwana a wuri mai ɗumi. In ya nuna, za ki ga kumfa shuɗiya a tsakiya, saman yana ƙyalli kamar jan ƙarfe, ruwan ƙasan kuma rawaya mai ratsin kore.

Ki jiƙa yadin da ruwa ki matse. Ki zura shi ta gefe a hankali, ba fantsama, kada ya taɓa lakar ƙasa. Ki riƙa murza shi a ƙarƙashin ruwa minti 5 zuwa 10. Ki matse shi tun yana ciki, ki fito da shi ba tare da ya ɗiga a tukunyar ba, domin kowane ɗigo iska yake kai wa. Sai ki buɗe shi ki tsaya ki kalla. Zai fito kore kamar ɗanyen ganye, gefuna su fara duhu, shuɗin ya riƙa tafiya yana cinye koren har ya gama. Na gani sau ɗari, har yau ba na iya magana a wannan minti. Ki bar shi ya sha iska minti 15 zuwa 20 kafin ki sake tsomawa. Duhu daga yawan tsomawa yake zuwa, ba daga daɗewa a ciki ba. A ƙarshe ki ɗauraye sosai, ki sa ɗan ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe ya kashe kaifin farar ƙasar, sannan ki kwance ɗaurin. In tukunyar ta koma shuɗiya ta daina kamawa, ba ta mutu ba: ki ɗumama ta, ki ƙara cokalin sukari, in ta ƙi ki ƙara ɗan farar ƙasa, ki ba ta dare ɗaya.

In allura ta kasa

Akwai nauyin da ya fi ƙarfin kwandon ɗinki. In kin kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da kike so da ya daina yi miki daɗi, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki ga likita, ki kuma faɗa wa wani na kusa da ke a ranar. Ki tafi da ƙyallenki in kina so, layin jira yana da tsawo. Haka kuma in kin lura aikin ya koma wani abin tuhumar kai, kina warware layi ɗaya sau biyar kina zagin hannunki, ki ajiye shi kwana biyu.

Bargona na farko ya ɗauke ni wata biyar. Yawancin gidajensa a kan kujerar jira na ɗinka su, dami ɗaya a jaka tare da katin asibiti. Shafin bayansa tsohon zanen gado ne da na rina da ɓawon albasa, ya yi dabbare a gefe ɗaya saboda ban dafa shi da soda ba tukuna. Da aka sallamo Baba, shi yake rufe ƙafafunsa da shi da yamma. Wata rana ya bi layin da yatsa har ya kai kusurwar da na fara a daren nan, inda ɗinkin ya yi sawun maciji, ya ɗago ya ce, "Wannan gefen wa ya taya ki?" Na ce ni ce. Ya ce, "To, ranar kina gyangyaɗi."